BAYANI A KAN 'YAR RUWA DA HAKKIN WANDA RUWA YA CI

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da ruwa a lokacin da Ya so, Mai tsayar da shi a lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, in kai mutumin Aujara ne, ko Jahun, ko Harbo, ko Miga, to ka san maganar da a ke yi a cikin watan Agusta, sa'ad da kududdufai suka cika suka batse, yaro ya tafi wanka bai komo ba. Kafin a tsamo gawarsa magana ta riga ta gama gari: 'yan ruwa sun ja shi. Wata ta ce ai dama ramin nan yana da mutane. Wani ya ce kowace shekara sai ya ci rai. A yi jana'iza, a yi gaisuwa, a ce Allah Ya ba da haƙuri, kowa ya kama gabansa. Baɗi kuma wani yaron ya faɗa ramin nan dai, a sake maimaita maganar kamar karatun allo.

Abin da na ke so mu bincika tare shi ne, ita wannan 'yar ruwa da a ke ɗora wa laifi, daga ina labarinta da kamanninta suka zo mana, kuma idan aka ɗora mata laifin, wuyan wa aka sauke wa?

Kafin mu shiga, bari in kawar da wata shubuha, don kada wani ya ɗauki rabin magana ya ruga da ita kasuwa. Ba mu musun samuwar aljanu. Akwai sura guda a cikin Alƙur'ani mai girma wadda aka kira da sunansu, wanda kuwa ya musa samuwarsu ya ƙaryata Littafin Allah. Amma fa Littafin da ya ba mu labarinsu shi ne ya sanar da mu cewa suna ganinmu ta inda ba mu ganinsu, kuma shi ne ya ba mu labarin rasuwar Annabi Sulaimanu, yana tsaye dogare da sandarsa, aljanu suna ta wahalar aiki ba su san ya rasu ba, sai da gara ta ci sandar ya faɗi. Halittar da ba ta san mutuwar wanda ke tsaye a gabanta ba, ita ce za ta mallaki ajalin ɗanka? Har an ruwaito daga Imamu Shafi'i cewa mutumin da ya yi da'awar yana ganin aljanu a kan surarsu ta asali, ba a karɓar shaidarsa. To ka ji. Samuwar aljani abu ne da ya zo da nassi. Mace fara mai dogon gashi, rabinta mutum rabinta kifi, tana zaune a kan dutse tana taje kai, wannan kuwa ba aya, ba hadisi. Tunda haka ne sai mu bi sawunta mu ga inda ta fito.

DAGA INA TA FITO?

Ka sani, ya ɗan'uwana, wannan sura tsohuwa ce ƙwarai, kuma a gidan tsafi aka haife ta. Mutanen ƙasar Sham na dā, tun kafin zuwan Annabi Isa, suna da wata gunkiya da su ke kira Atargatis, a garin Asƙalan na ƙasar Falasɗinu an sassaƙa ta da fuskar mace da jikin kifi. Girkawa kuma suna da nasu, waɗanda su ke kira sairin. A cikin tsohuwar waƙar mawaƙinsu Homa, an ce wasu mata ne a wani tsibiri, masu zaƙin murya, matuƙin jirgin da duk ya ji waƙarsu sai ya nufe su ya hallaka. Jarumin labarin sai ya toshe kunnuwan mutanensa da kakin zuma, shi kuma ya sa aka ɗaure shi a jikin itacen jirgi don ya ji waƙar ba tare da ya bi ta ba. Abin dariya a nan, masu zane na Girkawan farko da jikin tsuntsu su ke zana waɗannan mata. Sai bayan ɗaruruwan shekaru masu zanen Turai suka cire musu fukafukai suka sa musu wutsiyar kifi. Halittar Allah ba ta sauya jiki don mai zane ya sauya ra'ayi. Rakumi yana nan da tozonsa tun zamanin Annabi Salihu.

Littattafan Larabawa ma ba su tsira ba. Alƙazwini, wanda ya rasu a 1283, ya kawo labarin mutumin ruwa a cikin littafinsa na abubuwan al'ajabi na halittu, kuma wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya ya gamu da mutanen teku a ciki. Amma waɗannan hikayoyin matafiya ne da na hira, ba wanda ya taɓa gina hukunci ko aƙida a kansu.

To masu cewa sun gani da idonsu fa? A watan Janairu na 1493 Kolombus, Baturen nan da ya ƙetare teku zuwa nahiyar Amurka, ya rubuta cewa ya ga 'yan ruwa guda uku sun ɗago daga teku, sai dai ba su kai kyawun da a ke zana su da shi ba, fuskarsu ma ta fi kama da ta maza. Masana dabbobi sun ce abin da ya gani ayu ne. E, ayu dai da ka sani, wanda masu tallar magani su ke yawo da sunan mansa a kasuwanninmu. Dabba ce mai shayarwa, tana zaune a kogin Kwara da Binuwai, ciyawa ta ke ci, nononta a wajen hammata ya ke, takan ɗago kai sama ta shaƙi iska. Mutumin da ya yi watanni a kan teku bai ga mace ba, ya hango wannan daga nesa da magariba, zuciyarsa sai ta cika masa abin da idonsa bai gani ba. Har yau sunan da masana suka ba dangin ayu daga sunan waɗancan matan Girkawa aka ciro shi.

Wanda bai sami ayu ba kuma sai ya ɗinka tasa. A 1842 wani ɗan wasa a Amurka mai suna Barnum ya baje wata busasshiyar gawa a birnin Niyok, ya ce 'yar ruwa ce da aka kamo a wajen tsibiran Fiji. Mutane suka yi ta biyan kuɗi suna kallo. Ashe saman biri ne aka ɗinke da gindin kifi. A zamaninmu ma wata tashar talabijin ta Amurka ta nuna wani fim mai kama da rahoton gaskiya wai an tsinci gawar 'yar ruwa, mutane suka ruɗe, har sai da hukumar gwamnatinsu mai kula da al'amuran teku ta fito a 2012 ta ce ba a taɓa samun wata shaida ta irin wannan halitta ba. Irin waɗannan ne yanzu a ke turo wa 'ya'yanmu a waya, an haɗa su da kwamfuta, a ƙasa an rubuta wai ka ce Subhanallahi ka tura wa mutum goma. Ta Barnum da allura da zare aka yi ta, jikokinsa sun sami kayan aiki.

HOTON DA YA ZAMA ABIN BAUTA

Yanzu ga labarin da na fi so ka riƙe, domin a ƙasarmu ya ƙare.

Wanda ya yi fatauci ko aikin soja ko ci-rani a kudu, ya san Mami Wata. Ya ga hotonta a jikin motoci, da bangon mashaya, da ɗakunan bokaye: mace mai tulin baƙin gashi, ta riƙe ƙaton maciji ya naɗe mata wuya. Akwai masu bauta mata tun daga Saliyo har Kwango, suna sa fararen tufafi, suna ajiye mata turare da hoda da madubi da mataji da lemon kwalba. In ka tambayi ɗayansu ya ce maka wannan ita ce surarta, haka ta ke fito masa a mafarki.

To wannan hoto an san inda aka buga shi. A birnin Hambag na ƙasar Jamus, wajen shekarun 1880, wata mata tana wasa da macizai a gidan nuna namun daji na wani mutum mai suna Hagenbek. Sai aka buga hotonta mai launi don talla, a jawo 'yan kallo su sayi tikiti. Ma'aikatan jiragen ruwa suka zo da takardar gaɓar Afirka ta Yamma. Mutanen gaɓa, waɗanda dama suna da tsafin ruwa irin nasu tun kaka da kakanni, kuma sun saba ganin siffar mace mai wutsiyar kifi a wajen Turawan jirgi, suka duba suka ce ai ga ta nan. Da 'yan kasuwa suka ga abin yana tafiya, a 1955 aka aika da hoton daga Kumasi zuwa Bombai ta ƙasar Indiya, wani kamfanin buga kalanda ya sake buga dubbai aka watsa a kasuwanni. Wani malamin jami'a Ba'amurke, Henry Drewal, ya shafe shekaru yana bin sawun wannan hoto, har aka yi baje kolin kayan Mami Wata a birnin Los Anjalis a 2008.

Kai jama'a! Takardar talla ce fa. Matar ma'aikaciya ce tana neman abin da za ta ci, ta mutu ba ta san an yi mata ɗakin tsafi a Fatakwal ba. Bajamushe ya ci riba, Ba'indiye ya ci riba, Baƙar fata ya yanka farar kaza ya durƙusa.

In ka yi karatu kaɗan za ka ga wannan ba sabon abu ba ne. Buhari ya kawo daga Abdullahi ɗan Abbas yadda shirka ta fara a cikin mutanen Annabi Nuhu. Wasu salihan bayi ne suka mutu, aka yi musu siffofi aka kafa a majalisunsu don tunawa, waɗanda suka kafa ba su bauta musu ba. Da suka shuɗe, ilimi ya gushe, sai na baya suka bauta musu. Hanyar ke nan har gobe: hannu ya zana, a manta da wanda ya zana, sai gwiwa ta durƙusa. Bambancin kawai, mutanen Nuhu sai da al'umma ta shuɗe, wannan kuwa jirgin ruwa da injin buga takarda sun gajarta aikin.

Af, ga wani abin lura a gefe. A nan kusa da mu, a Birnin Kudu, akwai zanen mutanen dā a jikin duwatsu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Abin da ya fi yawa a ciki shanu ne. Abin da suka gani kuma suka damu da shi suka zana. Wutsiyar kifi baƙuwa ce a ƙasar nan. Masu bori suna da Sarkin Rafi da sauran iskokinsu, tsofaffi suna da labarin mutanen ruwa, wannan ɓata ce tamu ta gida. Amma yaron yau in ka ce ya kwatanta maka 'yar ruwa, abin da ya gani a fim da waya zai faɗa maka, ya rantse kakarsa ce ta gaya masa.

MADUBIN DA KE HANNUNTA

Ka lura, sau da yawa a kan zana ta da madubi da mataji a hannunta. Kiristocin Turai na zamanin dā sun sassaƙa ta haka a jikin kujeru da ginshiƙan majami'unsu, don ta zama gargaɗi a kan alfahari da sha'awa. Ni kuwa ina ganin masu zanen sun faɗi gaskiyar da ba su yi nufi ba, domin kowace al'umma ta leƙa wannan madubi fuskarta ta ke gani. Matuƙan jirgi sun ga macen da su ke kwaɗayi, kuma su ke tsoron ta hallaka su. Mutanen Denmak, bayan marubucinsu Andasan ya wallafa tatsuniyarta a 1837, suka mai da ita baiwar Allah mai haƙuri da soyayya, suka kafa mata mutum-mutumi a bakin teku a Kofanhegan a 1913, masu yawon buɗe ido suna zuwa ɗaukar hoto. Kamfanin Starbucks na Amurka ya sa ta a tambarinsa tun 1971 yana sayar da gahawa da ita. Ga ta nan dai, duk inda aka kai ta aikin mai gida ta ke yi.

Mutanen gaɓar Afirka kuma, waɗanda suka ga dukiya tana fitowa daga teku a cikin jiragen baƙi, ba su ga inda aka noma ta ko aka ƙera ta ba, sai suka ga mai ba da arziki dare ɗaya. Amma da sharaɗi. Wanda ta aura ba shi ba wata mace, ko ba shi ba haihuwa, ko ya ba da wani nasa. Marubuciyar nan ta ƙasar Ibo, Flora Nwapa, a littafinta Efuru na 1966, ta kawo matar tafkin Oguta mai ba mabiyanta kyau da dukiya amma ba ta ba su 'ya'ya. Ko a cikin tatsuniyar an yarda cewa kuɗin da ba a yi gumi ba da jini a ke biyansu.

Kada ka ce wannan can kudu ne. Yau a garuruwanmu in saurayi ya tafi Legas ko Abuja ya dawo da mota, sai ka ji ana raɗa wai ya auri aljana, ko ya shiga ƙungiyar asiri. Wannan raɗa tana cutarwa ta fuska biyu. In yaron nan halas ya nema, an ci namansa, an yi masa ƙazafi. In kuwa damfara ya ke yi ko fataucin ƙwaya, to an rufa masa asiri, domin an ɗauke maganar daga hannun mahaifinsa da alƙali an kai ta ƙarƙashin ruwa inda ba mai bin sawu. Sa'an nan ƙanensa da ke saurare ya koyi cewa arziki asiri ne, gobe sai ka gan shi a ƙofar boka da kuɗin takin babansa.

Mu kuma mutanen fadama da kududdufi, me mu ke gani a madubin? Mu mun sami wadda za mu rataya wa gawa.

YADDA RUWA YA KE CIN MUTUM

Bari mu yi maganar a fili. Yawancin ramukan da ke cin yaranmu hannun mutum ne ya haƙa su. Wani an ɗebi ƙasar gini, wani masu aikin hanya ne suka kwashi jar ƙasa da mota suka tafi suka bar shi. Irin wannan rami ba shi da gangare kamar tafkin Allah. Yaro yana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ya zurma inda ya fi tsawon mutum biyu. Ƙasansa taɓo ne mai kama ƙafa, ga ciyawa, ga sanyin ruwan ƙasa da ke ɗaure jijiya alhali na sama da ɗumi. Wanda Allah Ya kuɓutar ya fito ya ce wallahi an riƙe masa ƙafa. Bai yi ƙarya ba, an riƙe, taɓo ne ya riƙe.

A kan ce ai ko ihu bai yi ba, ashe ɗauke shi aka yi. To mai nutsewa ba ya iya ihu, domin duk ɗagowar da zai yi numfashi ya ke nema, kuma cikin 'yan mintoci an gama. A kan ce an neme shi an rasa sai bayan kwana biyu suka sako shi. Gawa takan nutse ne da fari, in ciki ya fara ruɓa iska ta taru sai ta taso, da zafi kuwa abin ya fi sauri. A kan ce an ga jini da kumfa a hancinsa, an ga an taɓa leɓɓansa, wai sun sha jininsa. Kumfar daga huhun da ya sha ruwa ta ke, leɓɓa kuwa aikin kifi ne. Mai farfaɗiya kuma in ta tashi masa a bakin ruwa, ko ruwan bai kai kamu ɗaya ba yana iya kashe shi. Maimakon a kai shi asibitin Jahun ko Dutse a ɗora shi a kan magani, a hana shi zuwa rafi shi kaɗai, sai a ce mutanen ruwa ne su ke kiransa, a tafi neman turare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma yara da matasa suna da kaso mai yawa a ciki. Ƙasashen da suka rage wannan asara, shinge suka yi, suka koya wa yara iyo, suka sa doka a kan jirage. Ba a ji sun yi sulhu da aljanu ba.

Ka tuna abin da ya faru a Bagwai ta jihar Kano ranar 30 ga Nuwamba 2021. Jirgin fito ya taso daga ƙauyen Badau a kan ruwan madatsar Watari, ya kife, aka tsamo gawa 29, yawancinsu yara ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Abin da hukuma ta faɗa shi ne an yi wa jirgin lodi fiye da ƙima. A nan Jigawa kuwa, da wuya damina ta wuce ba ka ji kwalekwale ya kife a yankin kogin Haɗeja ba, sau da yawa da 'yan mata masu zuwa aikin gona ko masu dawowa daga kasuwa. Jirgin mutum goma a zuba masa ashirin, a ɗora buhuna, a tashi da almuru, ba ko rigar hana nutsewa guda ɗaya. In ya kife a ce ruwan wurin yana da mutane. Lalle yana da mutane: akwai wanda ya karɓi kuɗin fito, akwai wanda aka ba aikin duba jirage bai duba ba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce, Malam, ai ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare, kuma wanda ruwa ya ci ya yi shahada. Gaskiya ne, hadisi ingantacce ya lissafa wanda ya nutse a cikin shahidai, muna kuma yi musu fatan haka. Amma shahadar wanda aka kashe ba ta taɓa wanke wanda ya kashe shi ba. Sayyidina Umar shahidi ne, wannan bai sa an ce Abu Lu'ulu'a ba shi da laifi ba. Imani da ƙaddara shi ke sanyaya zuciyar uwa, ba a saukar da shi don ya zama mafakar mai sakaci ba. Kuma ka lura da wata dabara ta Shaiɗan: mai cewa 'yan ruwa ne suka ja yaro, ai bai ma tsaya a kan ƙaddarar ba. Ya yarda akwai sababi, sai dai ya tsallake sababin da a ke iya kamawa ya nuna wanda ba a iya kai wa sammaci.

Shari'a kuwa ba ta tsallake ba. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya yi bayanin wanda ya haƙa rijiya ko makamancinta a kan hanyar Musulmi inda bai halatta gare shi ba, cewa shi ke da lamunin abin da ya faɗa ciki. Malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin mai jirgin da ya yi iyakar kiyayewarsa iska ta rinjaye shi, wannan ba kome a kansa, da wanda ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, wannan akwai lamuni. Diyyar rai guda raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000. Wannan shi ne nauyin yaron nan mai shekara tara a ma'aunin Musulunci. Mu da mu ka yi ta murna a shekarar 2000 an ƙaddamar da shari'a a jihar nan, sau nawa ka ji an kai maganar ramin da ya ci yaro gaban alƙali? Iyayen suna da ikon su yafe, yafewa kuwa alheri ce. Amma mutum ba ya yafe hakkin da aka ce masa ba shi da shi. Wanda aka gaya wa aljana ce ta ci ɗansa, an ƙwace masa hakkinsa, an kuma hana shi ladan yafewa.

Mafi muni shi ne abin da ke biyo baya a wasu wurare, a asirce: a sami baƙin bunsuru ko farar kaza a yanka a bakin ruwan, ko a zuba fura da nono, wai don a ba su hakkinsu su bar yara. Wannan, ɗan'uwana, ba sauran kwana-kwana, yanka ne don wanin Allah, kuma Muslim ya ruwaito tsinuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan mai yin haka. Suratul Jinni ta ba da labarin mazajen da su ke neman tsari da aljanu, abin bai ƙare su da kome ba sai ƙarin wahala. Irin wannan ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta faɗa da shi, ya ambaci masu yanka wa itatuwa da duwatsu a cikin Nurul Albabi, yau shekara fiye da 200. Masu tarihi sun kawo cewa da Amru ɗan Asi ya ci Masar, mutanenta suka ce masa kogin Nilu ba ya kawo ruwa sai an yi wa budurwa ado an jefa masa, ya hana, Sayyidina Umar kuma ya goyi bayansa. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin ƙissar, saboda haka ba na kafa hujja da ita. Abin da ba shakka a cikinsa shi ne ba a jefa kowa a Nilu yau, kuma yana nan yana gudu.

Kuma a bar ma maganar lahira, ka dubi abin da yankan ya ke haifarwa a nan duniya. Ranar da aka yanka bunsurun, zukata sun kwanta, an biya, ruwa ya huce. Washegari uwa ta bar ɗanta ya tafi wanka. Ramin kuwa zurfinsa bai ragu da ko taƙi ɗaya ba.

Na ji wani dattijo yana cewa, ai mu ma mun san ba gaskiya ba ne, muna faɗa ne don yara su ji tsoro su nisanci ruwa. Niyyarsa mai kyau ce, amma dubi sakamakon. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya ga abokansa sun shiga sau ashirin ba abin da ya kama su, sai ya gane ƙarya a ke yi masa, ya zubar da gargaɗin gaba ɗaya. Da an kama hannunsa da rani, sa'ad da ramin ya bushe, an tsayar da shi a ciki an ce ɗaga kai ka ga inda ruwa ya ke kaiwa, da wannan ya zauna masa. Kurkunu ma a dā har da sammu a ke danganta shi, da aka gane daga ruwan kududdufi ya ke aka tace ruwa aka haƙa rijiyoyin burtsatse, a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi.

Saboda haka kai da ka karanta wannan, kada ka jira Agusta. Ka sami limaminku da mai unguwa tun da bazara, ku zaga ku ƙidaya ramukan da ke kewaye da garinku, ku san wanda ya haƙa kowanne. Na masu aikin hanya a rubuta wa ƙaramar hukuma takarda, a sa hannu, a ajiye kwafi. Wanda za a iya cikewa a yi gayya a cike, wanda ya fi ƙarfinku a kewaye shi da ƙaya, a sassabe bakinsa ya yi gangare. Masunta da ke cikinku su koya wa yara iyo a wurin da babba ya ke tsaye. A mashigar jirgi kuma a rubuta adadin mutanen da kowane kwalekwale zai ɗauka a jikinsa da fenti, da manyan lambobi, yadda matar da ta zo da 'yarta za ta iya ƙidayawa da kanta kafin ta miƙa kuɗin fito.